Tsarabar da na bi gida-gida na karɓo

Ba zan taɓa mantawa da zuwan ƙanena Isiyaku hutu daga Ingila ba, ana saura kaɗan a ba mu mulkin kai. Lokacin muna Makera, kuma duk unguwar babu wanda ɗan'uwansa ya taɓa hawa jirgin ruwa sai ni. Don haka ko gaisuwa aka yi mini sai na san yadda na jefa Ingila a ciki.

Digirin dakta yake yi a fannin haɗa sinadarai. Ya taɓa yi mini bayani cewa akwai wani abu a cikin ƙwayar halittar jiki, shi ke sa ɗa ya ɗauko kamannin ubansa, to gutsattsarin wannan abin yake ƙoƙarin haɗawa da hannunsa, ko Allah zai sa a samo maganin ciwon daji. (Ni dai kalmar magani kaɗai na riƙe, sauran ya bi iska.)

Washegarin isowarsa, da gari ya waye ya fita gaida dattawa. Ni kuwa a matsayina na babbar yaya, rabon tsaraba aikina ne, ban ga dalilin jiran kowa ba. Na buɗe akwati, ga sabulu, ga alewa, ga ɗankunne. Can ƙasa kuma, cikin auduga, ga wasu 'yan kwalabe kamar na turare, kowace da farin gari ɗan mitsitsi. Na ce kai, yaron nan da hankali yake, har magani ya ƙullo wa maƙwabta! Na haɗa kowace kwalba da sabulu, na kai da kaina, ina cewa, "Wannan da hannunsa ya haɗa, ko Bature ba shi da irinsa."

Da ya dawo ya leƙa akwati, sai na ga ya zauna daɓas a ƙasa.

"Yaya, ina kwalaben?"

"Na raba mana. Ko rowa suka koya maka a can?"

"Yaya, aikin da zan miƙa a ba ni digiri ke nan! Don kada su salwanta na taho da su. Wasu ma ba a san ko guba ba ne."

Na figi mayafi na fita, ni da na raba kyauta da safe ina hura hanci, ga ni da azahar ina sallama ina roƙon a mayar mini. Malam Tanko maƙeri ya miƙo tasa yana cewa, "Sabulun fa, shi ma za a karɓa?" Mama Ngozi, matar makanikin Kakuri, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ni na ajiye ne sai Kirsimeti, zo ki ɗauka, Madam Ingila." Mata suna leƙowa ta katanga, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kwalba ta ƙarshe tana wurin Inna Dije, tsohuwar da ta yi renonmu. Nan Isiyaku ya biyo ni. Muka tarar da ita tana shara, ta ɗauko mana kwalbar wayam.

"Ai a koko na zuba," in ji ta. "Har ciwon gwiwata ya saki. Isiyaku, akwai saura?"

Ya karɓa ya karanta rubutun jikin kwalbar. Sai ya sauke ajiyar zuciya, ya ce wannan ba ta kisa, amma wata da watanni ya yi yana haɗa ta, kuma ita ce malaminsa ya fi jira. Na fashe da kuka. Shi kuwa ya durƙusa gaban tsohuwar ya ce, "Inna, duk duniya ke ce ta farko da ta sha. Allah Ya sa albarka."

Sai da ya ƙara kusan shekara a can kafin ya sake haɗa ta, aka ba shi digirinsa. Bai taɓa goranta mini ba.

Tun daga ranar ba na buɗe akwatin matafiyi sai mai shi yana tsaye. Amma bakin nan nawa bai daddara ba, har gobe ina gaya wa mutane cewa binciken ƙanena, kafin ya kai ga Turawa, a Makera aka fara karya kumallo da shi.