Foldar Amaryata

"Lafiya lau na kwana, ban da ganin fuskarka da sassafe," in ji Kaka, tana jan akwatinta zuwa falo.

Yau za ta fara hawa jirgin sama, za ta je ganin autarta da ta haihu, murna ta hana ta ko karyawa. Abu ɗaya ya rage: tikitinta yana cikin kwamfutar jikanta, ba a buga shi a takarda ba, ga direba a waje yana ta danna hon.

Jikan ya kalle ta sama da ƙasa. "Amaryata, irin wannan kwalliya? Matuƙin jirgin za ki aura ki bar ni?"

"Shi dai ya san inda yake ajiye kayansa. Ina tikitina?"

"Yana nan, yanzu-yanzu."

Ina fa. Fuskar kwamfutar cike take maƙil, hotuna kan takardu, takardu kan waƙoƙi, ko wurin ɗora yatsa babu. Ya shiga lalube.

"Wannan kwamfuta ce ko ƙarƙashin gadonka?"

"Tsari ne, idon tsufa ba ya ganinsa."

"Ni allura gwangwaninta daban, magani ledarsa daban. Ido rufe zan ɗauko maka."

"Shi ya sa jiya kika wuni neman tabarau yana goshinki."

Direba ya sake danna hon. Fara'ar Kaka ta ɗauke, tsoro ya kama ta da gaske.

"Wallahi jirgin nan ya tashi ban ga jaririn nan ba, aurenmu ya mutu."

Ta sunkuyo, ta dangwala yatsa a kan wani ɗan akwati ruwan ɗorawa can a lungun fuskar kwamfutar.

"Wannan fa?"

"Folda ce, wurin tara abu iri ɗaya. Bar ta."

"Me aka rubuta a jiki?"

Ya sosa ƙeya. "Amaryata."

"Buɗe."

Ya buɗe. Hotunanta ne birjik, har da wanda take gyangyaɗi a kujera, da muryarta da ya naɗa tana masa faɗa. Ga tikiti a sahun farko. Shi ya adana shi a nan don kada ya ɓace, ya kuma manta. Duk kwamfutar, foldar ke nan guda.

Injin bugawa ya fara ƙara. Kaka ta goge gefen ido da mayafi.

"Ashe duk tarkacen nan ni kaɗai ka gina wa ɗaki."

"Don kada ki dami maƙwabta ne."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta zaro alawar da ta tanada saboda hanya, ta danƙa masa a tafi.

"Ungo, ɗan nema. Na fasa matuƙin jirgin."