Yajin Hajiya a Faifan Bikin Nafisa

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma har yau ban yafe wa Musbahu mai ɗaukar biki ba. Taro aka ce ya ɗauka, ba wanda ya aike shi ya kai makirfo madafa. Ina nan a kan wannan ƙorafin, ko da yake ƙarshen labarin ni ya kama.

Bikin 'yata Nafisa ne, a nan Mahdiya. Musbahu ya zo da sabon salo, ya dasa makirfo gaba da baya da gefe, wai don mai saurare ya ji kamar yana zaune a tsakiyar taron. Da na je shagonsa ya zaunar da ni tsakanin lasifikoki ya kunna. Gaskiya ya yi daɗi. Ganga ta hagu, guɗa ta dama, can baya kuma wata 'yar hayaniyar tukwane da ba a gane komai a cikinta.

Matsalar ita ce nauyin faifan wajen turawa ta waya. Uwar ango, Hajiya Ramatu, tana Tawa, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, kullum tana kira a tura mata ta ji. Rezo, wato sabis ɗin waya, a unguwarsu kuwa sai an ɗaga waya sama ana addu'a. Musbahu ya ce in bari jibi ya rage mini shi. Na ce ba na jiran jibin kowa. (Sai da na yi furfura na shiga makarantar manya, kuma tun da na iya karatu ba na son a taɓa mini waya.)

Na buɗe manhajar rage nauyin sauti, na bi rubutun da yatsa. Zaɓi biyu ne, na kiɗa da na magana. Na magana ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, na danna, abu ya tsuke kamar alayyafo a tukunya. Ban saurara ba. Na tura wa zauren dangin ango a waya, har da rubuta musu "a ji lafiya" da hannuna, ina jin kaina wata malama.

Abin da ban sani ba, irin wannan ragi yana kwaso duk makirfon nan ya zube su wuri guda, ya matse kiɗa, ya bar muryar mutum. Ganga ta koma kamar ana buga gwangwani a rijiya. Muryar da ta fi kusa da makirfo ita ta fito tangaram. Wadda ke tsaye kusa da na madafa kuwa, da ludayi a hannu, ni ce.

Da la'asar Nafisa ta shigo, ko zama ba ta yi ba ta ajiye mini waya a kan tabarma ta kunna faifan. Sai na ji kaina ina ce wa maƙwabciyata mai taya ni girki:

"Wannan yajin da Hajiya ta aiko daga Tawa? Rairayin hamadar Samnu ya fi shi ɗanɗano. Ɓoye shi bayan buhun gawayi, in an tambaya ki ce ya ƙare."

Har dariyata ta fito, irin wadda nake yi da hanci. Yajin nan Hajiya da hannunta ta daka, ta ba direba ya ƙetaro hamada da shi. Nafisa ta tambaye ni da wane ido za ta kalli dangin mijinta in ta je gaisuwa.

Saƙon Hajiya ya shigo kafin magariba, murya a sanyaye.

"Uwar amarya, mun gode. Kiɗan dai bai iso ba, amma mun ji inda aka ajiye yajinmu."

Na gane cewa iya karanta zaɓi daban, sanin abin da ka zaɓa daban. Kuma duk abin da zan tura wa surukai yanzu, kunnena ne zai fara shan sa.

Da safe na janye buhun gawayi, na karkaɗe robar yajin, na dafa shinkafa da wake, na kira Hajiya ta bidiyo, aka yi sa'a rezo ya kama. Na jingina wayar da buta, na zuba yajin nan cokali cike a gaban idonta, na fara ci.