Yadda Ake Zama Aminin Mai Sharhin da Ya Zagi Baƙar Fata

Ɗan'uwa, idan kai baƙar fata ne a Madina, kuma kafilinka, wato ubangidan da ya tsaya maka ka zauna a ƙasar, mai sharhin siyasa ne, kwantar da hankalinka, arziki na tafe. Wata rana bakinsa zai ja masa, kuma kai zai nema. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci za ka kwana direba ka tashi amini. An gwada su a kan Jumare, mutumin Funtuwa, direban Dakta Abdulfattah na unguwar Khalidiyya.

1. Jira ya yi katoɓara

Ba sai ka taimaka masa ba. Dakta ya shiga talabijin ana zancen zaɓe a Afirka, ya gyara zama, ya ce baƙar fata ba za su taɓa iya mulki ba, domin zafin rana ya dafa musu tunani. A Madina fa ya faɗi haka, garin da silifa ke narkewa a ƙofar masallaci. Kafin la'asar duniya ta yi masa ca, gidan talabijin ya ce ko ya wanke kansa ko ya bar musu kujera.

2. Karɓi ƙarin girma

Washegari Dakta ya bar kujerar baya ya shigo gaba, ya dafa kafaɗar Jumare.

"Ya Jum'a, habibi!"

"Jumare ne, ya Daktur."

"Shi na ce. Ni da kai ai 'yan'uwa ne. Gobe za mu je talabijin ka shaida wa duniya." Ya ɗan yi tari. "Af, igamarka ta kusa ƙarewa, ko?"

Ka riƙe wannan: duk abotar da ta zo da zancen igama, wato takardar izinin zama, ba a ce mata sai na yi shawara.

3. Haddace tarihin abotarku

Ka yarda kwano ɗaya kuke ci, kuma ba abin da yake so irin abincinku. Don kada a tsare shi da tambaya, Dakta ya sa aka kawo masa kilishi da yaji ya ɗanɗana. Ya yi hawaye, ya yi salati, ya shanye ruwan gorar Jumare. Rannan suka fara haɗa baki a gora ɗaya. Ci gaba ne.

4. Ɓoye wa uwargida

Jumare ya ɓoye, amma labari ya riga shi isa unguwarsu ta Ranuna. Ya tarar da matarsa Tasallah a bakin ƙofa riƙe da muciya.

"Baban Sumaya, an ce gobe za ka je ka wanke wancan mai bakin."

"Igama ce, Tasallah."

"To. In ka dawo sai igamar ta tuƙa maka tuwo."

A nan ƙwararre yakan tsaya ya auna. Kafili zai iya mayar da kai Funtuwa. Uwargida kuwa za ta bi ka can.

5. Yi murmushi

Kada ka bar haƙori ko ɗaya a ɓoye. An sa wa Jumare sabuwar jallabiya, Dakta ya riƙe hannunsa tamau kamar zai tsallakar da shi titi. Ya dubi Wafa, mai gabatar da shirin, ya ce yaya za a ce yana ƙin baƙar fata, ga amininsa Jamil a zaune? Sannan ya juyo.

"Faɗa musu da yarenku yadda nake a wurinka. Ni zan fassara."

6. Bincika wa ke jin Hausa a ɗakin

Wannan matakin Jumare ya tsallake. Ya tuna kafili, ya tuna muciya, ya ga hanyar da zai gama lafiya da kowa. Ya washe baki ya ce da Hausa:

"Jama'ar Ranuna, ku yi haƙuri. Wallahi har yanzu bai san sunana ba. Igamata ce a hannunsa. Tasallah, a ajiye mini tuwo."

Dakta ya share ido. "Ya ce ni uba ne a gare shi."

Wafa ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago sai ta ce cikin wata gurguwar Hausa, "Sannu, Baba. Kakata 'yar Kano." Daga nan ta fuskanci kyamara ta mayar da jawabin Larabci tsaf, har da tuwon.

7. Ci riba

Dakta ya rasa kujera, Jumare ya rasa mota. Wani mai gonar dabino a Badar da ya kalli shirin ya yi dariya har ya karɓi kafalar Jumare. Tasallah ta yi miyar kuka da man shanu. Yanzu haka wasu masu sharhi na ta bugo wa Jumare waya suna tambaya ko yana da sarari ranar Alhamis.

Gargaɗi: wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a filin jirgi da jaka ɗaya, ko a ƙofar gida babu tuwo, kada ya neme ni. Ban san shi ba, ko sunansa ban iya faɗa daidai ba.