Ranar da Na Gyara Ajin Malama Hadiza

Yau shekaruna saba'in da ɗaya, al'amarin kuwa ya kusa shekara goma, sa'ad da nake hedimasta a wata firamare ta Tudun Kaya. Allah ya jiƙan zamaninmu, a lokacin aji nagari shi ne wanda ko tari ba a ji.

Aka ce manya za su zo daga Kano su zaɓi makarantar da za a gina wa sababbin azuzuwa. Da na zaga, sai na tarar Malama Hadiza, wadda ta dawo daga kwas, ta jera bencuna zobe-zobe, yara suna ta muhawara.

Na ce, "Subhanallahi! Kasuwa aka buɗe?"

"Ranka ya daɗe, sabon tsarin ke nan, shi za su..."

"Malama, na riƙe alli ba a haife ki ba."

Na kira Ɗanjuma maigadi, muka mayar da bencunan sahu-sahu, yara suka harɗe hannu, tsit. Na gyara zaman babbar rigata.

Da baƙin suka iso, shugabansu ya leƙa ajin, ya ce, "Ashe nan canjin bai iso ba." Wata makaranta a garin Rogo aka kai wa azuzuwan.

Har gobe in na shiga masallaci sai wani ya ce, "Jama'a, a daidaita sahu, Hedimasta ya iso." Malama Hadiza tana raye, haka ma Ɗanjuma maigadi, wanda ya kama mini bencunan; mai musu ya tambaye su.