Ƙafata a Cikin Amfilifayar Yaya

Da Yaya ya sayo amfilifaya, akwatin ƙara sautin jitarsa ta bas, a kasuwar Adjamé, sabuwa mai kamannin irin na da, ni na tabbatar wa kowa ƙirar Amurka ce.

"Irin wannan, Yaya, ko sa ya hau ba ta motsi!"

Na taka ta zan rataya labule. Ƙafata ta burma har gwiwa. Na ƙwalla ihu lantarki ya kama ni, alhali ko jona ta ba a yi ba. Ashe garin katako aka matse, ƙirar China. Ga shi ranar zai yi wasa a wani biki a unguwar Treichville, dole ya nemi aro.

Har yanzu ko kujera aka sayo, sai Inna ta dube ni ta ce, "Ku kira injiniya ta gwada."