Farfesa da Ruwan Randa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Farfesa ta shigo ajina ba. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a nan unguwar Sabo, ina kuma neman yin digiri na biyu a ƙarƙashinta. Dattijuwa ce Bayarabiya, ta shekara da shekaru tana binciken yadda yara ke fahimtar kimiyya. Ta ce sai ta ga koyarwata kafin ta ɗauke ni.

Na shirya fa. Na haddace Turanci mai nauyi (wasu kalmomin ranar na fara furta su a rayuwata). Darasin a kan yadda ruwa ke komawa tururi ne. Ina faɗa, yara na maimaitawa da ƙarfi, ina satar kallonta. Tana can benci na baya, ta lumshe ido.

Na matsa wajen Malam Sani, abokin aikina da ke bakin ƙofa, na ce da Hausa, "Tsohuwar nan ta yi barci. Abin ya fi ƙarfinta."

"Idona biyu, Malam," in ji ta, da Hausa tsantsa (ashe a Zariya aka haife ta).

Ta taso ta tambayi yara, "Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi?"

Hauwa, yarinyar da ban taɓa jin muryarta a aji ba, ta ce, "Randa gumi take yi, Mama."

Farfesa ta ɗiga wa kowa ruwa a bayan hannu, ta ce su hura. Aji ya kaure da "Sanyi! Sanyi!" Suna musu, suna gwadawa, ita tambaya kawai take jefawa. Na saki baki ina kallo. Yaran da na ɗauka hadda kawai suka iya, ga su suna tunani a gabana.

Sai ta juyo. "Malam, ƙarasa musu. Ina zafin ya tafi?"

Na ɗauko haddata, ta maƙale a rabi. Na yi tari. Hauwa ce ta cece ni: "Gumin da ya bushe ne ya tafi da shi."

Duk da haka Farfesa ta ɗauke ni. "Ka zo Litinin," ta ce. "Za mu bincika yadda malami ke koyar da abin da bai gane ba. Ka ga ba sai mun je nesa ba."

Yau ni ma ina duba koyarwar wasu. Amma kafin in ce wani bai gane ba, nakan fara tambayar kaina. Gulma kuwa, ko da wane yare ce, sai na isa gida.