Ranar da Na Zama Lauyan Motar Wani

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Kasuwar Shanu ba, ko da kuwa na so, domin abokaina ba za su bari ba.

A satin nan an yi ta yaɗa wani saƙo a guruf ɗinmu na unguwa, wai dokar sa wa mota ankwa a taya ba ta fara aiki ba, ba a sa mata hannu ba, duk wanda ya ɗaure maka mota shi ne mai laifi. Na haddace shi tas (ban ma duba wa ya rubuta ba).

Sai ga Hauwa, wadda nake nema, ta kira ni. Wai Baffanta, ƙanin mahaifinta, yana kasuwa ba abin hawa, in taimaka in kai shi gida, unguwar Yindiski. Baffan nan shi ne waliyyinta, kuma har lokacin bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Na ari motar Yayana, wata mai ruwan toka, na fesa turare kamar yau ne ɗaurin auren.

Na ajiye ta bakin titi, na kutsa cikin shanu na samo shi, na durƙusa na gaishe shi, na karɓi jakarsa. Muna fitowa sai ga ƙaton ƙarfe rawaya a taya, ma'aikacin hanya tsaye a gefe, wani mutum yana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Na ce a raina, yau Baffa zai san ya samu suruki.

"Ofisa, wa ya ba ka izini? Ina sa hannun? Doka ba ta aiki sai an sa mata hannu an shelanta!"

Ya ce, "Malam, kai kuma a wa?"

"A matsayin ɗan ƙasa!" Na haye kan bonet na zauna, na kunna kyamarar waya. Mahauta, 'yan kamasho, masu rake, kowa ya taru. Wani ya ce, "Sai Barista!" Kaina ya ƙara girma.

Mutumin nan na gefe yana ta jan rigata, ina fizgewa. Na ɗaga makulli na danna, don kowa ya san mai mota ya iso.

Ƙit-ƙit. Daga can baya, kusa da mai shayi. Motar Yaya ce, lafiyarta ƙalau, ba ko zare a tayarta.

Mutumin ya ce, "Bawan Allah, saura kaɗan ya buɗe min ka zo. Sauka min daga mota." Ofisa ya mayar da makullinsa aljihu ya ce to yanzu kam sai ofis, tunda an kawo lauya.

Na ɗauki Baffa muka nufi Yindiski. Sai da zai sauka ya ce, "Yaro, ni ko cikin garken wani ina gane saniyata. Kai mota ɗaya aka ba ka."

Na kwana biyu ina jiran saƙon in haƙura. Bai zo ba. Baffa ya ba ni Hauwa. Amma ranar da aka kawo ta, wata gwaggo ta tsaya a ƙofa ta ce, "Baffa ya ce ka duba da kyau, taka ce?"

Har yau ban san ko an sa wa dokar nan hannu ba. Abin da na sani, kafin ka kare haƙƙinka, fara duba lambar mota.